Dutse Mai Kaifi a Ƙasar Marmara: Kayan Aikin Mutanen Farko da Inda Ya Kamata a Neme Su Tsakanin Wurno, Rabah da Goronyo

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda mutanen zamanin dutse suka ƙera kayan aikinsu da abin da suka yi da su, sannan ta ɗora bayanin a kan ƙasar da ke kewayen Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, inda garin Maikujera yake. Hujjarta ita ce duwatsun asali na wannan yanki masu laushi ne, ba sa riƙe kaifi. Saboda haka duk dutse mai tauri da aka tsinta a nan da alamar hannun mutum a jikinsa, ko dai ruwa ne ya kawo shi ko ƙafa. Wannan shi ke nuna wa mai bincike inda zai sa ido, da kuma waɗanda ya kamata ya fara tambaya.

Gabatarwa



Sunan Goronyo ya daɗe da shiga littattafan kimiyya na duniya, amma ba ta hanyar mutum ba. A 1972 wasu masana daga Italiya, ƙarƙashin Augusto Azzaroli, suka raɗa wa wata ƙatuwar halittar ruwa suna Goronyosaurus, bayan sun yi nazarin ƙasusuwanta da aka tono a wannan yanki. Halittar ta rayu ne fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da teku ya malale wuraren da yau ake noman albasa da shinkafa. Tarihin mutane kuwa, yadda muke koyar da shi, yakan fara ne daga Gobir da Zamfara da Kabi, ya zo kan jihadi, ya tsaya a Wurno inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi har ya rasu a 1837, ya leƙa Rabah mahaifar Sardauna. Kafin waɗannan masarautu akwai dubban shekarun da mutane suka ci suka sha a bakin waɗannan gulabe ba su san ƙarfe ba. Su ne wannan takarda ta sa a gaba. Ba muhawarar asalin ɗan Adam ce ta kawo ni nan ba. Maganata a kan abin da hannu ya sarrafa ne, wanda za a iya ɗauka a juya a auna.

Yadda ake fitar da kaifi daga dutse

Mafi tsufan kayan dutse da aka sani zuwa yanzu su ne na Lomekwi, a yammacin tafkin Turkana a Kenya, waɗanda Sonia Harmand da abokan aikinta suka bayyana a 2015, masu shekara miliyan 3.3. Bayansu akwai na Gona a Habasha, masu kimanin shekara miliyan 2.6, waɗanda ke cikin salon da ake kira Oldowan, daga sunan kwazazzabon Olduvai na Tanzaniya inda Louis da Mary Leakey suka yi aiki. Dabarar da ke ƙarƙashin wannan duka guda ce, kuma ya kamata mu tsaya a kanta, domin wanda bai fahimce ta ba zai taka kayan tarihi a gona ya wuce.

Mai aikin yakan riƙe dunƙulen dutse a hannun hagu, wanda za mu kira uwar dutse, ya riƙe wani mulmulalle mai tauri a dama. Ba a tsakiya yake bugu ba. Yakan nemi gefen da fuskoki biyu suka haɗu suka yi kusurwa matsattsiya, ya sauke bugu kusa da baki, a karkace, da ƙarfi ɗaya. Idan dutsen mai laushin ƙwaya ne, wanda ba shi da jijiya ko tsaga a ciki, ƙarfin bugun zai ratsa shi ya ɓallo sala guda siririya. Ɗauki wannan sala ka juya ta. A samanta za ka ga ɗan fegin da bugun ya sauka. Daidai ƙarƙashinsa, a fuskar da ta rabu da uwar, akwai ɗan kumburi mai santsi, sannan wasu layuka masu lanƙwasa suna bazuwa daga gare shi kamar yadda ruwan tafki ke yi idan an jefa tsakuwa. A jikin uwar kuma za a ga gurbin da salar ta fita, kwarmi daidai da kumburin. Zafin rana da wutar daji da gangarowar ruwa duk suna fasa dutse, amma da wuya su bar waɗannan alamu uku tare, balle a ce gurabu biyar ko shida jere a gefe ɗaya, kowanne ya hau kan na baya. Wannan jerin shi ne sa hannun mutum.

An daɗe ana zaton uwar dutsen ita ce abin nema, salar kuma shara. Gwaje-gwajen Nicholas Toth da Kathy Schick sun juya wannan fahimta: da irin waɗannan salolin suka feɗe manyan dabbobi, har da giwa. Salar da ba ta kai tafin hannun yaro ba tana tsaga fatar da haƙorin mutum ba zai huda ba. Idan ta dakushe a yar, a ɓallo wata.

Wajen shekara miliyan 1.76 da suka wuce, kamar yadda wurin Kokiselei na Kenya ya nuna, sai aka fara sassaƙe dutse ta fuska biyu har ya fito da siffa mai faɗin gindi da tsinin kai, da kaifi kewaye. Wannan shi ne gatarin hannu na salon Ashuliyan, wanda ya samo suna daga Saint-Acheul a Faransa, ko da yake Afirka ce mahaifarsa. Ba a sa masa ƙota. A tafin hannu ake riƙe shi. Daga baya maƙeransa suka gane cewa idan aka yi bugun ƙarshe da ƙashi ko ƙaho ko icce mai tauri, salar takan fita da faɗi da siranta, bakin ya miƙe. An yi fiye da shekara miliyan ɗaya ana maimaita wannan siffa. Wasu na kiran wannan daskarewar tunani. Ni ban gan shi haka ba: abin da ya biya buƙata ba a gaggawar sauya shi, kuma a ce siffa ɗaya ta wuce daga hannu zuwa hannu tsawon wannan zamani, hujja ce cewa akwai koyo da koyarwa.

Kimanin shekara 300,000 da suka wuce aka koma shirya uwar dutse tukuna, a gyara gefenta da bayanta, ta yadda bugu ɗaya na ƙarshe zai fitar da sala mai siffar da aka riga aka ƙudurta. Ana kiran wannan dabara Lebalwa. A nan ne tsinin mashi mai ɗauri a jikin sanda ya yawaita. Daga ƙarshe kayan suka ƙanƙance, suka zama 'yan mitsi-mitsi da ba su wuce gaɓar yatsa ba, ana jera su a tsagar icce ko ƙashi, a liƙe da ƙaro, a ɗaure da jijiya, su zama bakin kibiya ko wuƙa ko lauje. Idan ɗaya ya karye a cire shi a sa wani, ba sai an jefar da makamin duka ba.

Abin da aka yi da su

Hanya biyu ake bi a gane aikin da dutse ya yi. Ta farko ƙasusuwan dabbobi: kaifin dutse yakan bar tsaga siririya mai zurfi, daban da ta haƙorin kura, kuma ƙashin da aka fasa don ɓargo yana da irin fashewarsa. Ta biyu bakin dutsen kansa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, hanyar da Sergei Semenov na Rasha ya share. Nama da fata da icce da ciyawa kowanne yana barin irin nasa sheƙi. A 1981 Lawrence Keeley da Toth suka duba wasu saloli daga Koobi Fora masu kimanin shekara miliyan 1.5, suka ga alamar yankan nama, da sassaƙar icce, da yankan tsiro mai laushi. Wato tun farko dutse ba na mafarauci ba ne shi kaɗai. Da shi ake fiƙe sandar tono saiwa, a kankare fata, a yanko ciyawa. Iccen da fatar sun ruɓe, dutsen ya rage, shi ya sa muka sa wa zamanin sunansa.

Taswirar da ta bi ramin kuza

Idan aka dubi wuraren da suka yi suna a zamanin dutse na Arewacin Najeriya, za a ga sun taru wuri ɗaya. Mai Idon Toro da Nok, inda aka samu gatura na hannu. Zenabi, mai kayan zamanin tsakiya. Kogon Rop, inda Bernard Fagg ya yi tono a 1944 ya samu ƙananan kaya na farin dutse. Duk a tsaunin Jos ne ko gefensa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Masu haƙar kuza sun yaye ƙasa mai zurfi sun kai ga tsohuwar tsakuwar koguna, lebura ya ga dutse mai siffa ya ajiye, ga kuma Fagg a kusa, wanda ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Haka binciken kwarin Neja ya samu ƙarfi a shekarun 1960 saboda za a gina madatsar Kainji. Jirgin ruwan Dufuna na Yobe, mai kimanin shekara 8,000, wani Bafulatani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya. Taswirar da ke hannunmu ta inda aka tona ce, ba ta inda mutane suka zauna ba.

Duk da haka gulbinmu ya shiga lissafi. A maƙalarsa ta 1965 kan zamanin dutse a Arewacin Najeriya, Robert Soper ya ambaci manyan kayan dutse masu kauri, irin waɗanda ake kira Sangowan, a sashen sama na kwarin Gulbin Sakkwato. Tsintuwa ce ta saman ƙasa da cikin tsakuwa, ba tono mai hawa-hawa da za a iya ƙididdige shekarunsa ba, kuma a 1973 Bassey Andah ya yi tambaya ko ma sunan Sangowan ya dace da kayan Afirka ta Yamma. Muhawarar suna ba ta shafe mu sosai ba. Abin da ya shafe mu shi ne ruwan da ya ratsa waɗancan wurare shi ne ya gangaro ya bi ta Rabah.

Ƙasar Maikujera da duwatsunta

Yanzu mu zo gida. Masana ƙasa, musamman C. A. Kogbe, sun jera shimfiɗun duwatsun kwarin Sakkwato, kuma sunayen da suka ba su na garuruwanmu ne: Gundumi, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. Ban da ta Gundumi, wadda tsofaffin koguna da tafkuna suka zuba, akasarinsu abin da ya kwanta ne a gindin teku ko bakinsa: yashi mai laushi, laka da ta daskare, da farin dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina. A saman tuddai kuma marmara ce ta yi musu hula. Duk wanda ya taɓa fasa marmara don tushen gini ya san yadda take: ta farfashe, ta yi gari, ba ta ba da baki. Dutsen yashi na Taloka da Wurno kuwa da yawansa farce ma yana kankarar sa. Mutumin zamanin dutse da ya sauka a wannan ƙasa ya samu ruwa da kifi da namun fadama, amma tudun da ke bayansa bai ba shi wuƙa ba.

To ina zai samu? Wuri uku nake gani. Na farko tsakuwar gulbi. Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa ya bi ta Gusau, a kan tsohon dutse mai tauri, haka ma Bunsuru da Gagare da ke zuba a Rima. Suna gangaro da farin dutsen ƙanƙara, wanda masana ke kira kwaz. Na biyu shimfiɗar Gundumi a gabas, wadda ke ɗauke da mulmulallun tsakuwa da kututturan itatuwa da suka rikiɗe suka zama dutse. Na uku shi ne a ɗauko daga nesa, ko a karɓa daga hannun waɗanda suka ɗauko.

Kowanne daga cikin ukun yana da abin da yake haifarwa. Tsakuwar da ta yi doguwar tafiya a ruwa ƙanana ce, ba ta isa a riƙe a hannu a sassaƙa ba. Maganinta shi ne a kafa ta a kan wani dutse a buga daga sama, ta tsage daga kai da gindi lokaci guda, kamar dai yadda yara ke yi har gobe idan za su fasa ƙwallon aduwa. Kwaz kuma ba ya fashewa da ladabi. Kumburin nan da layukan da na bayyana ba sa fitowa sosai a jikinsa. Don haka kada mai bincike ya zo Maikujera yana neman kyakkyawan gatarin hannu irin na hoton littafi. Abin da ya fi yiwuwa ya gani shi ne tarin farin ɓarɓashi a wuri ɗaya, wasu da dakakken kai da gindi, a kan tudun da ruwa ba ya kai tsakuwa. Muninsu ba ya rage musu daraja.

Na ukun ya fi ɗaukar hankalina, kuma muna da abin kwatance a Borno. A Daima, cikin ƙasar firki inda babu dutse ko na jifa, Graham Connah ya yi tono a 1965 da 1966 ya samu gatura da duwatsun niƙa, tare da kayan ƙashi masu yawa da suka maye gurbin dutse. Da aka bi diddigin irin duwatsun, sai aka ga daga nesa aka kawo su, har da wajen duwatsun Mandara. Ƙarancin dutse ya zama hanyar gano zirga-zirga da musaya. Ƙasarmu ba ta kai firki talaucin dutse ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: gatari na baƙin dutse ko kore mai tauri da aka tsinta a gonar Rabah ko Wurno baƙo ne, kuma ana iya yanko ɗan ƙanƙanin yanki daga jikinsa a gwada da duwatsun Zamfara ko na Azbin a ga inda ya fito.

Akwai kuma batun yashi. Wajen shekara 20,000 da suka wuce hamada ta matso kudu ƙwarai, ta bar tuddan rairayi waɗanda A. T. Grove ya bayyana a 1958 a ƙasar Hausa. Bayan haka aka shiga zamanin damshi, daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, lokacin da mutanen Gobero da Adrar Bous a Nijar ta yau ke kamun kifi a inda yanzu babu ko ɗigon ruwa. Da Sahara ta sake bushewa, makiyaya da masu gero suka gangaro kudu, kuma kwaruruka irin na Gulbin Maraɗi da Rima hanyoyi ne a buɗe. Ma'anar wannan ga mai nema ita ce tsofaffin kaya suna ƙarƙashin jigawa, na baya-baya suna samanta, fadama kuma ta binne nata da laka. Wurin dubawa shi ne inda ƙasa ta yanke kanta: gaɓar gulbi, bakin kwazazzabo, ramin da aka ɗebi ƙasar hanya, da tsofaffin matakan tsakuwa da ke sama da inda ambaliya ke kaiwa yau.

Dutsen da ke cikin gida

Kayan ƙarshen zamanin dutse ba su ɓace daga hannun Bahaushe ba. Gatarin aradu, ɗan dutsen nan mai santsi da baki kamar na gizago, wanda ake cewa tsawa ce ke jefo shi, ana ajiye shi don tsari ko magani, shi ne gogaggen gatarin manoman farko. Yarbawa ma suna ajiye irinsa a wurin bautar Shango, Turawa kuma sun yi irin wannan imani kafin a gane aikin mutum ne. Ruwan sama mai ƙarfi ne ke wanke ƙasa ya fito da shi, shi ya sa ake ganinsa bayan hadari. Wannan imani ya yi mana rana, domin ya sa an adana abin da da an watsar.

Yadda aka yi shi kuwa, tsohuwar da ke da dutsen niƙa ta fi mu sani. Idan dutsenta ya yi santsi ya daina cin hatsi, takan ɗauko makoɗi ta zauna ta yi ta ƙwanƙwasa fuskarsa a hankali, bugu kusa da bugu, farin gari yana tashi, har ya yi kaushi. Da wannan koɗar aka fitar da siffar gatarin, sannan aka goga bakinsa a kan dutsen yashi da ruwa har ya yi sheƙi, aka sa shi a ƙota. Aiki ne na kwanaki, amma bakin da aka goga ba ya saurin karyewa a jikin icce kamar wanda aka ɓalla, kuma idan ya dakushe ana wasa shi. Mai share daji don gona irin wannan yake buƙata. A nan dutsen yashin ƙasarmu, inda ya yi tauri, ya samu aikinsa: ba ya zama wuƙa, amma yana wasa ta. Ko da aka fara narkar da tama, kamar a Taruga ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, dutse bai bar aiki ba. Ya ci gaba a niƙa, da murhu, da ƙanƙarar da ake ƙyasta wuta da ita. Injin niƙa ne ke kashe shi yanzu, a gaban idonmu, kuma masu sanin daga wace kasuwa ake sayo dutsen niƙa, da wane dutse ya fi cin gero, tsofaffi ne.

Abin da za a iya farawa da shi

Kowa ya san halin tsaro a gabashin Sakkwato. Ba wanda zai tura ɗalibi dajin Gundumi a yanzu. Amma aikin farko ba na daji ba ne. Na cikin gari ne da bakin hanya: a zauna da tsofaffin mata a rubuta abin da suka sani game da dutsen niƙa, a nemi izinin masu gatarin aradu a ɗauki hoto, a auna, a tambayi gonar da aka tsince shi, a mayar musu da abinsu, a koya wa masu ɗibar tsakuwa da malaman firamare alamu ukun nan na bugun mutum. Wanda ya tsinci wani abu ya lura da wurin kafin ya ɗaga, domin dutsen da aka raba da mazauninsa ya yi asarar rabin labarinsa. Tono kuwa, doka ta ɗora izininsa a hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979.

Ina kira ga Sashen Tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da masana tono na Jami'ar Ahmadu Bello, su haɗa hannu da hakimai da dagatan Rabah da Wurno da Goronyo a buɗe rajistar waɗannan duwatsu, a fara da rani, kafin tifofin yashi su gama kwashe gaɓar gulbi.